Kira'armu da Ba a Raɗa wa Suna Ba

Ranar da na fara ganin an auna muryar ɗan Adam da ido, a Kabo ne, a zauren ƙanena, bayan sallar lisha, lokacin kaka ana fama da yankan dawa. Ɗansa na fari, wanda bai wuce shekara 16 ba, yana shirin shiga musabaƙar ƙaramar hukuma. Ya jingina waya a jikin buta, ya tanƙwashe ƙafa a kan tabarma, ya dafe kunne ɗaya da tafin hannu. A fuskar wayar akwai layuka a kwance kamar na littafin rubutu, da wani ɗan ɗigo mai yawo a tsakaninsu. In ya ɗaga murya ɗigon ya haura, in ya sassauta ya gangaro. Malaminsa ya hana shi yin gwaji da ayar Alƙur'ani, don haka sauti kawai yake ja, babu harafi babu kalma.

Ya yi, ya sake, ya kuma sakewa. Can ya juyo ya ce, "Baffa, ka ga nan? Nan ake so in tsaya. Da na zo wurin sai muryata ta tsallake."

Na matso na duba. Wurin da yake nunawa yana tsakanin layi biyu ne, bai taɓa na ƙasa ba, bai kai na sama ba. Ya ce abin da yake koyo sunansa Bayati, kuma hawa na biyu ne ya hana shi sakat tun mako guda. Na yi shiru ina kallon ɗigon nan yana rawa. Na yi shekaru a gaban allo, na ji gwanaye da gangaran suna karatun da ke sa tsikar jiki ta tashi, amma ko sau ɗaya ban taɓa jin an ce murya tana da hawa mai suna ba.

Tsangayar da na yi karatu tana gefen garin Gwarzo, ta hanyar da ta nufi Getso. A ƙarshen shekarun 1970 ke nan. Mu ƙolaye mu ne masu ɗebo kara da itace da yamma, a tara a tsakiyar fili, in dare ya yi a hura. Kowa ya kawo allonsa kusa da wuta, ya karkata shi yadda haske zai faɗa kan tawada. Gardawa suna can gefe, su ba sa buƙatar haske, tilawa suke yi da ka, suna kai da kawowa da carbi a hannu. Riwayar Warshu muke yi, kamar yadda iyaye da kakanni suka yi. Kowane gardi da irin jan muryarsa, waɗanda suka je gabas suka dawo kuma nasu daban ne, yana da wani kaifi da sauri. Amma in ka tsaya daga nesa da asuba, iska ta kaɗo maka muryoyin nan a haɗe, ka san karatun ƙasar nan ne, ba za ka haɗa shi da na kowa ba. Ba a koya mana wannan kira'a a matsayin darasi. Alaramma zai biya maka, ka maimaita, ya gyara maka harafi da wasali da wurin tsayawa. Karin muryar yana shiga ne da kansa, kamar yadda hayaƙin wutar ke shiga riga.

Sai rikoda ta shigo. Alhazai ne suka fara dawowa da ita, daga baya ta cika kasuwa. Na tuna wani shago a kusa da tashar motar Gwarzo da ke sa kaset ɗin Abdulbasiɗ Abdussamad tun safe. Mutane su ajiye kekuna su tsaya, ana mamakin yadda mutum zai ja aya guda da numfashi ɗaya har haka, ya hau sama kamar ba zai dawo ba, sannan ya sauko ya dire daidai inda ya taso. Bayan shi muka san Minshawi da Husari da Musɗafa Isma'il. Husari ne ya fara naɗar Alƙur'ani cikakke a faifai a 1961 da riwayar Hafsu, ya kuma naɗi ta Warshu a 1964. Mu a lokacin ba mu san wannan tarihi ba. Abin da muka sani shi ne akwai "kira'ar Misira", mai daɗi, mai wuyar kwaikwayo. Yaran da suka gwada suna kama wani abu su rasa wani, kuma ba mai iya gaya musu abin da suka rasa.

A 1986 jami'ar Sakkwato, wadda yanzu ake kira Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, ta fara shirya musabaƙar Alƙur'ani ta ƙasa, abin ya sauko jihohi, ya sauko ƙananan hukumomi. Islamiyyoyi suka yawaita, Hafsu ta samu gindin zama, littattafan tajwidi suka shiga hannun yara maza da mata. Alƙalan musabaƙa suna ba da maki kan hadda da tajwidi da sauti, har akwai rukunin da ake kira tangimi. Shekarun 1990 kuma suka zo da kaset ɗin limaman Harami, kowane matashi mai jan tarawihi ya zama ko Sudais ko Shuraim. An samu alheri mai yawa a wannan sauyi, ba na tantama. Haruffa sun gyaru a bakin dubban mutane, mata sun haddace Littafi da yawan da kakanninmu ba su taɓa gani ba. Sai dai ilimin karin muryar nan da ake kwaikwayo ya ci gaba da zama a rufe, sai ɗan abin da wanda ya je Azhar ya tsinto.

Wannan ƙofa ce wayar hannu ta buɗe. A daren nan ɗan ƙanena ya zama malamina, na kuma ci gaba da bin abin da kaina bayan na koma gida.

Larabawa suna kiran jerin sautuka sullam, wato tsani. Ka taso daga wani sauti, wanda suke kira ƙarar, ka yi ta hawa har ka kai ɗan'uwansa na sama mai kama da shi sak, wanda suke kira jawab. Turawa sun raba wannan tazara gida 12 daidai wa daida, a haka aka ƙera fiyano. Masana kiɗan Larabawa, tun zamanin Mikha'il Mishaƙa na ƙasar Sham a ƙarni na 19, sun raba ta gida 24. Manhajar da ke wayar yaron tana aunawa da wani ma'auni da ake kira sent: tazarar duka sent 1200 ce, cikakken taki 200, rabin taki 100. Hawa na biyu na Bayati kuwa yana wajen 150. Shi ne wurin da babu shi a fiyanon Bature, shi ne kuma inda muryar yaron ke tsallakewa. Ba laifinsa ba ne. Mafi yawan waƙoƙin da Bahaushe ya tashi da su, daga na daɓe da na niƙa har zuwa na kukuma da garaya, a kan tsani mai hawa biyar suke tafiya, takinsu manya ne. Ƙafar da ta saba da babban taki sai ta koyi ragewa.

Maƙam, jam'insa maƙamat, ana gina shi ne da gutsattsari. Kowane gutsure mai sauti uku zuwa biyar ana kiransa jins. Ka ɗauki ɗaya ka sa a ƙasa, ka ɗora wani a kansa, kamar mai jera tubali. Manyan da ake fara koya wa ɗalibi takwas ne: Saba, Nahawand, Ajam, Bayati, Sika, Hijaz, Rast da Kurd. Ajam da Nahawand da Kurd ba su da rubu'in taki, fiyano na iya fitar da su. Hijaz yana da ƙaramin taki, sai wani wawakeken tsalle, sai ƙaramin taki kuma, kunnenmu ya san shi daga kiran salla. Rast da Bayati da Saba da Sika su ne masu zama a tsakanin layi. In ka ɗora Hijaz a hawa na biyar na Rast ka sami Suznak. In ka ɗora shi a na huɗun Bayati ka sami Bayati Shuri. In ka ɗora shi a na ukun Sika ka sami Huzam, wanda shi ne mafi yawan abin da makaranta ke yi in sun ce suna karatu da Sika.

Abin da ya fi burge ni a manhajar shi ne yadda take sa ka ji bambanci a take. Yaron ya kunna min Bayati, sannan ya taɓa hawa na huɗu ya sauke shi kaɗan. Nan da nan sautin ya karye, ya zama mai ban tausayi kamar kukan wanda aka yi wa rasuwa. Ya ce, "Baffa, Saba ke nan." Hawa ɗaya kacal aka taɓa. Na tuna sau nawa na ji Minshawi ya yi wannan juyi a tsakiyar karatu, zuciyata ta motsa, ban san me ya faru ba. Makarantan Misira sun saba buɗe zama da Bayati a ƙasa-ƙasa, su yi ta ƙaura daga maƙam zuwa maƙam gwargwadon ma'anar ayoyi, su komo Bayati su rufe. Wannan ƙaura ita ake kira intiƙal.

Akwai kuma taswir, wanda ɗalibai da yawa ke rikita shi da intiƙal. A taswir maƙamin bai canza ba, ɗaukar tsanin aka yi gaba ɗaya aka kafa shi a wani wuri, sama ko ƙasa, tazarar da ke tsakanin hawa da hawa tana nan yadda take. A littafi kowane maƙam yana da mazauninsa na asali: Rast da Nahawand a kan sautin da ake kira Do, Bayati da Hijaz da Saba da Kurd a kan Re. Ga makaɗa, matsar da maƙam aiki ne babba. Mai busa sarewar nay yana yawo da sarewa kusan bakwai masu tsawo daban-daban, mai kaɗa ƙanun, wani abin kiɗa mai tsirkiya da yawa, kuma sai ya ɗaga ko ya kwantar da 'yan ƙarafan da ke ƙarƙashin tsirkiya. Saboda amon kayan kiɗa yana canzawa in an matsa, har sunan maƙamin kan canza: Nahawand in ya koma kan Sol sai a ce Farahfaza, Hijazkar in ya hau kan Re sai ya zama Shahnaz, Huzam in ya sauka ƙasa sai a kira shi Rahatul Arwah. A manhaja duk wannan maɓalli ɗaya ne.

Ga yaron nan kuwa maɓallin ya yi rana. Muryarsa ta fara buɗewa irin ta masu balaga. Ya daɗe yana bin Abdulbasiɗ daga daidai inda shehin ya taso, in an zo jawab sai maƙogwaro ya shaƙe, murya ta fashe, har ya fara cewa shi ba shi da baiwa. Da ya sauke tsanin da rabin taki uku sai ga shi ya hau ya sauko lafiya lau. Kayan ne suka fi ƙarfin wuyansa, da aka daidaita masa gammo ya ɗauka.

A nan ne tunanina ya koma tsangaya. Alarammanmu, Allah ya jiƙansa, in hunturu ya kama shi da mura, yakan yi karatu da murya can ƙasa, kamar daga cikin rijiya, amma kira'ar ba ta canza ko kaɗan. In kuma zai biya wa ƙaramin ƙolo, sai ya ɗaga murya ya same shi a inda yake, don yaron ya iya bi. Na tuna wani mai kukuma da ke zuwa kasuwa, kafin ya fara sai ya yi gyaran murya, ya ɗan ja tsirkiya ko ya sassauta har ta yi daidai da maƙogwaronsa na ranar. Mata masu daɓe ma haka, in mai bayarwa ta ɗauko waƙa da tsayi, sai wata dattijuwa ta karɓe ta sauko da ita inda kowa zai iya amshi. Ashe duk taswir ne. Muna yin sa tun fil azal, suna ne ba mu ba shi ba.

Duk da haka ban yarda a miƙa wa na'ura wuya ba. Na farko, ita rubu'in taki a wurinta sent 50 ne cif, alhali a bakin masu abin ba haka yake ba. Sautin Sika na mutanen Halab ya ɗan fi na Alƙahira tsayi, kuma wanda ke cikin Rast ba daidai yake da wanda ke cikin Bayati ba. A babban taron kiɗan Larabawa da Sarki Fu'ad na Ɗaya ya kira a Alƙahira a 1932, inda masana daga ƙasashen Larabawa da Turkiyya da Turai suka hallara, har da Béla Bartók, an yi ta ja-in-ja kan ko a amince da raba tsani gida 24 daidai, aka tashi ba a daidaita ba. Na biyu, maƙam ya wuce jerin hawa. Yana da hanyarsa, wadda ake kira sair: inda ake tasowa, inda ake ɗan hutawa, inda ake jinkiri, da yadda ake direwa. Wanda ya san hawa bai san hanya ba kamar wanda ya haddace sunayen garuruwan da ke tsakanin Kano da Dayi ne bai taɓa shiga mota ba. Hanyar sai da yawan sauraron manya.

Mun ma ga abin da na'ura ke yi in aka sakar mata. A situdiyoyin Kano, tun da fiyanon Yamaha ya zama uban kiɗa a ƙarshen shekarun 1990, daga baya Auto-Tune ya biyo, murya duk inda ta faɗi ana janyo ta zuwa ɗaya daga gidaje 12 ɗin nan. Sha'iri mai bege zai shigo da ƙasida a kan Bayati da ya ɗauko daga majalisi, in mai haɗa sauti bai saita na'urar ba, hawa na biyu ko ya faɗa ƙasa ya zama Kurd, ko ya hau sama ya zama Nahawand. Ƙasidar ta fito sumul, amma ɗanɗanon da ya sa aka so ta ya tafi. Akwai fiyanon da aka ƙera don kasuwar Larabawa mai maɓallan rubu'in taki, sai dai sai wanda ya san da wurin ne zai neme shi.

Batun Alƙur'ani kuwa ya fi wannan nauyi. Malamai sun daɗe da saɓani kan karatu da karin waƙa. An ruwaito ƙyamarsa daga Imamu Malik, wanda mazhabarsa muke bi, da Imamu Ahmad. Ibnul Ƙayyim a cikin Zadul Ma'ad ya raba abin biyu: daɗin muryar da ke zuwa bisa ɗabi'a, wanda ya ce abin yabo ne, da wanda ake ƙaƙalowa a kan ma'aunin mawaƙa, wanda magabata suka ƙi. Shi ya sa na ji daɗin hanin da malamin yaron ya yi masa. A daren nan da ya koma karatun izunsa, na ji ya ƙara wa wani maddi tsawo don muryarsa ta samu ta kai inda yake so. Mahaifinsa, da ke kishingiɗe kamar mai barci, ya ce, "Koma. Wannan harka biyu ce." Ɗigon wayar yana kan layi daram, ita ba ta ga kuskure ba. A ganina tajwidi ne maigida, maƙam bara ne, duk ranar da bara ya hau kujerar maigida karatu ya ɓaci. Alƙur'ani baki da baki aka karɓo shi, haka kuma zai ci gaba.

Da dare ya fara nisa yaron ya ce, "Baffa, don Allah yi mana irin taku ta da, mu ga me za ta nuna." Na ja kira'ar tsangayarmu yadda na gaje ta. Ɗigon ya yi ta sauka a wurare biyar, yana tsallake sauran. Muka duba jerin sunayen da ke cikin manhajar daga sama har ƙasa, akwai na Misira da na Sham da na Iraƙi, har da na Turkawa. Babu wanda ya dace da ita. Yaron ya ce, cikin ladabi, "To Baffa, wannan wane maƙam ne?" Ba ni da amsa. Abin da ya fi tsaya min a rai shi ne yadda ya yi tambayar, kamar mai jin cewa abin da ba ya cikin jerin nan bai cika karatu ba.

Na ba shi labarin Shaihu Nurain Muhammad Siddiƙ na Sudan, wanda ya rasu a hatsarin mota a watan Nuwamba na 2020. A khalwa ya yi karatu, wato tsangayar ƙasarsu. Da karin mutanensa mai hawa biyar yake karatu, bai ari na Alƙahira ko na Makka ba, tajwidinsa kuma tsaf. Musulmi daga Indunusiya har Amurka suka yi ta yaɗa karatunsa suna hawaye. Duk Bahaushen da ya saurare shi zai ji wani abu na gida a ciki. Mutanen Sudan ba su ji kunyar nasu ba, duniya kuma ta karɓa. Mu a nan, yaro in ya yi kira'ar kakansa a gaban jama'a sai a ce bai waye ba. Haka karin da ake karanta Ishiriniya da shi a watan Maulidi, da na masu bandiri a zawiyoyin Ƙadiriyya, da na makafi masu rera Imfiraji a ƙofar gida: kowanne yana da ƙa'idarsa a kunnen masu shi, amma masu shi suna ta tafiya ɗaya bayan ɗaya.

Taron Alƙahira na 1932 bai warware gardamar tsani ba, amma ya yi wani aiki da ya fi gardamar amfani. An zaunar da makaɗa da mawaƙan Maroko da Aljeriya da Tunisiya da Iraƙi da Sham da Misira, aka naɗi muryoyinsu a faifai. A 2015 babban ɗakin karatu na ƙasar Faransa ya sake fitar da su a faifan CD 18. Mutanen duk sun mutu, ana jin su har gobe. Su sai da sarki ya sa hannu aka kawo injuna daga Turai. Mu kuwa injin yana aljihun kowane saurayi a Garo da Kutama da Lakwaya da Durun.

Don haka kirana ga matasanmu masu koyon maƙamat a waya: ku koya, ku ƙware, ku san Rast da Saba kamar yadda kuka san hanyar gidanku. Amma cikin makon nan ku nemi tsohon gwani ko alaramma a unguwarku, ku durƙusa ku gaishe shi, ku nemi izininsa ku naɗi karatunsa, ko da izu ɗaya ne. Ku rubuta sunansa da garinsa da wurin wanda ya yi karatu. Ku ajiye kwafi a gida, ku kai wani Cibiyar Nazarin Alƙur'ani ta Jami'ar Bayero. Sabon mazaunin jami'ar a kan titin Gwarzo yake, duk motar da za ta kai ku Kano ta ƙofarsa take wucewa.